Rabon Kartar Tamu

Motar ba ta gama tsayawa a tashar Jega ba Malama Salima ta buɗe ƙofa ta sa ƙafa ƙasa, da gwangwanin biskit rungume a ƙirjinta cikin hijabi. Direba ya bi ta da faɗa, wai in ta karye shi za a kama. Ta ce masa daga garin masu ɗori ta fito, ya ja motarsa ya ba ta wuri. Ranar kasuwa ce, buhunan albasa da na gero sun cinye rabin titi, 'yan kabu-kabu sun cinye sauran, ita kuwa tana kutsawa tsakaninsu kamar ba mai jikoki ba.

Abin da ya fito da ita daga Aliero ko koko ba ta sha ba shi ne wayar Tani, matar yayanta Alhaji Waliyyu. Shi ba ya kiranta da kansa, sai dai ya aiko. Tani ta ce Alhaji ya ce a gaya mata baƙuwar nan ta Abuja yau za ta iso, ta kawo nata kason kartar Baba a haɗa. Har za ta kashe wayar, sai Tani ta ƙara da cewa in ta iso ta same shi a shagon Ɗayyabu mai fotokofi, can zai kai nasa a rufe su da leda a inji, irin yadda ake yi wa takardun makaranta, don su yi kyau a gaban baƙi. Nan Salima ta zari hijabi ta ɗauki gwangwani ta fito.

Kartar ba ta caca ba ce, ta wasan yara ce, kuma babu irinta ko'ina, domin ubansu ne ya zana ta da hannunsa. Tamu mai zane ake ce masa, shi ne mai yi wa manyan motocin Jega zaki da dawisu a jiki. Ranar da babu aiki sai ya yanka kwalin sukari ya zana mutanen gari gida-gida: gidan mai albasa, gidan maƙeri, gidan mahauci, gidan Bafillace, gidan mai ɗori, har da gidan direba mai tumbi. Kowane gida da uba da uwa da ɗa da 'ya. Yara su raba, kowa ya yi ta sallama wurin ɗan'uwansa yana roƙon wanda ya rage masa, har ya cika gida. Da ƙaro yake dama launinsa, idan ya bushe ya goga kakin zuma da tsumma har kwalin ya ɗauki santsi. Salima ce mai riƙe masa tsumman. Ita ya sha ja wa kunne kada ta bar ko ɗaya a kan tabarma cikin rana, kaki ba ya shiri da zafi. To, balle injin Ɗayyabu, wanda yake fito da takarda da zafinta kamar waina.

Tana sauri tana shirya zagin da za ta yi masa, domin zagin ya daɗe a ajiye. Ranar rabon gadon Tamu, da aka iso kan gwangwanin karta, malamin rabo ya yi murmushi ya ce a bar wa jikoki su yi wasa. Salima ta durƙusa gaban mutane ta ce a bar mata shi, ta yafe kasonta na gonarsu ta ƙauyen Kashin Zama. Waliyyu ya ce sam, duk abin da mamaci ya bari gado ne, allura ma sai an raba, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa ya yi rabon da hannunsa, ya bi gida-gida yana zare mata ɗaya nan, biyu can, yadda ba za ta tashi da cikakken gida ko guda ba. Da ta yi kuka ya ce rabonsa ne, in ya ga dama ya hura wuta da shi, dama hoton mutum hana mala'iku shiga ɗaki yake yi. Gonar ma daga baya shi ya noma ta.

Tun daga ranar ta zama abin da 'yan Aliero ke kira Malama mai karta. Tana koyarwa a firamare har ta yi ritaya, amma duk inda ta ji labarin tsohuwar kartar yara sai ta je. Ta bi Maiyama, ta shiga Karaye, ta karɓi na cikin cingam da na kwalin sabulu daga hannun tsofaffin da ke fifita wuta da su. Ɗakinta ya cika da gwangwanaye. Duk a cikinsu babu wanda take buɗewa da bismillah sai wannan na ƙirjinta, kuma ba ta taɓa buɗe shi ba tare da ta tuna fuskar Waliyyu a kan tabarmar rabo ba.

Yanzu kuma wai shi ne mai kishin gadon uba. Wata Dakta Hanan ce, mai tara tsofaffin wasannin yara don baje koli da littafi, ta ji labarin kartar Tamu wurin wani da ya yi wasan yana yaro, ta nemo iyalinsa. Waliyyu kuwa yana neman shugabancin ƙungiyar 'yan hatsi, ya ji an ce da mai ɗaukar hoto za a zo. Nan take mala'iku suka daina ƙyamar ɗakinsa. Ya sa aka tono kartar daga ƙasan akwati, ya gayyaci liman da manyan kasuwa cin abinci.

Duk da haka ceto ta zo yi. A ranta ta ce za ta fizge su daga hannun Ɗayyabu tukuna, zagi ya biyo baya.

Shagon yana bayan layin masu waya, janareto na ta kuka a bakin ƙofa. Ta hango babbar rigar Waliyyu tun daga nesa, shadda ce mai maiƙo, ga mutanensa sun kewaye shi a kan benci. Kartar tana shimfiɗe a kan tebur, ba a taɓa ta ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana maida numfashi, idonta ya faɗa kan matar maƙeri da ɗankunnenta na jan ƙarfe, wadda rabonta da ita tun tana da sauran baƙin gashi. Launin yana nan yadda ta san shi. Zaman akwati ya yi musu rana, ko kaɗan ba su koɗe ba.

Waliyyu bai gan ta ba, ya juya wa ƙofa baya yana gwada wa mutanensa jawabin da zai yi wa baƙuwa. Yana cewa shi ne na hannun daman tsoho, shi ke dama masa launi, shi ke riƙe masa tsumma, har cinyarsa tsoho ke ɗora kwali in zai yanka. Wani ya tambaya ko ba a ce ƙanwarsa ma tana da wasu ba.

"Wagga?" in ji Waliyyu. "Ai tsince-tsince ta sani. Har bola takan tona in ta ga kwali. Don tausai nab bar mata 'yan kaɗan, kada ta haukace muna."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa mai ciyarwa. Ɗayyabu ne ya fara ganinta, ya yi gyaran murya, dariyar ta mutu a bakin kowa. Waliyyu ya waiwayo, ko a jikinsa. Ya ce ashe ta iso, to ta miƙo nata a haɗa, baƙuwa tana bisa hanya. Ko gaisuwa babu, sai hannu da ya miƙo mata kamar mai karɓar haraji.

Maganar da ta taho da ita tun daga Aliero tana kan harshenta. Kalma uku ce kawai, kada a sa. Ta dubi hannun nan mai zoben azurfa, ta dubi mutanen da ke sunkuyar da kai suna danne sauran dariya, sai ta haɗiye maganar ta nemi gefen benci ta zauna. Ta ce nata su dakata tukuna, a fara da na manya.

Ɗayyabu mutum ne mai tsoron abin da zai je ya dawo. Ya ɗauki karta ɗaya ya murza da babban yatsa, ya shinshina, ya ce wa Alhaji kwalin nan da santsi, bai san abin da aka shafa masa ba, injin kuma da zafi. A karon farko Waliyyu ya dubi Salima sosai, duban mai neman a fisshe shi.

"Ke da kin san tarkacen ga, da matsala?"

"Rabonka na, Alhaji," in ji ta. "Kai da kar riƙe mashi tsumma ai ka hi ni sani."

Mutanen benci suka gyaɗa kai, sun ɗauka girmamawa ce. Waliyyu ya gyara wuyan riga ya ce wa Ɗayyabu ya daina ɓata masa lokaci. Ɗayyabu ya jera rabin kartar cikin babbar leda guda, ya daidaita bakinta, ya tura. Injin ya kama yana ja a hankali. Salima ta danne gwangwaninta da hannu biyu, tana kallon gidan mai ɗori yana shigewa, uba, ɗa, uwa, sai direba mai tumbi a bayansu. Ba ta ƙifta ido ba. Can sai shagon ya cika da ƙamshin zuma, har wani daga cikin mutanen ya ɗaga hanci yana tambayar wa ya shigo da ita. Ƙamshin ɗakin Tamu ke nan ranar goge karta. Hawaye ya taso mata, ta mayar da shi da ƙarfin tsiya.

Ledar ta fito ta ɗaya ɓangaren tana sheƙi. A ƙarƙashin sheƙin kuwa kaki ya narke ya ja launi ya gudu da shi. Shuɗin riga ya hau fuska, jan hula ya zubo kan kafaɗa, idanu sun zama ɗigon baƙi da ya baje. Ɗayyabu ya ce launi fa ya motsa. Waliyyu ya karɓa ya miƙar da hannu nesa yana ƙanƙance ido, domin ba ya sa tabarau a gaban jama'a. Shi da bai taɓa tsayawa ya kalli kartar da kyau ba, ina zai san yadda take a da? Ya ce dama tsohon abu haka yake. Amma muryarsa ta ɗan sauka, ya sake juyowa wajenta da ledar a hannu.

Sauran rabin yana nan kan tebur lafiya lau, matar maƙeri a sama. Salima ta san wannan ce damarta ta ƙarshe, ba za ta ce ba ta sani ba.

"Sun yi ƙyalli," in ji ta.

Gaskiya ta faɗa, sun yi. Waliyyu ya washe baki ya ce a sa sauran. Ta zauna har aka gama, har Ɗayyabu ya bi su da almakashi ya yanke ɗaya bayan ɗaya ya zagaye musu kusurwa kamar katin shaida. Da aka sake neman nata ta ce ita ta fi son nata da dattinsu. Ya ce ruwanta, zai gaya wa baƙuwa dusassun nan na ƙanwarsa ne.

Bayan azahar falon Waliyyu ya cika. An shimfiɗa sabuwar darduma, kulolin shinkafa da kaji sun yi layi a jikin bango, liman yana kujerar kusa da mai gida, manyan 'yan hatsi sun baza riguna. Mata ba sa zama wannan falon, amma da yake baƙuwar mace ce aka ba Salima kujerar roba a can kusa da ƙofa, don ta taya ta zama. Dakta Hanan 'yar siririya ce mai magana a hankali. Ta gaishe da kowa, ta saurari jawabin tsumma da damun launi daga farko har ƙarshe, mai ɗaukar hoto yana ɗauka. Sannan ta buɗe jaka ta ciro farar safar hannu ta saka, abin da ya sa 'yan hatsi suka dubi juna, su da suke zura hannu cikin buhu har gwiwa.

Waliyyu ya ɗage farin ƙyalle daga kan farantin kartar da kansa. Baƙuwar ta duba. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da taga, ta juya bayanta, ta ajiye, ta ɗauki wata. Liman ya fara jan carbi da ƙarfi. Daga bisani ta tambaya yaushe aka yi musu wannan.

"Yau da sahe," in ji Waliyyu, yana duban mai hoto. "Don girmanki anka yi."

Ta cire safar hannun ta ninke ta a kan cinya. Cikin ladabi ta bayyana cewa zafi ya narkar da abin da ke riƙe da zanen, ledar kuma ta manne da launin, in aka ɓare ta da fuskokin za ta taho. Babu mai iya gyarawa, ko a ina. Ta ce ta yi tafiya mai nisa don ta ga hannun Tamu, ga shi ta makara da yini ɗaya. Mai ɗaukar hoto ya sauke na'urarsa ya mayar mata da murfi. Wani daga cikin 'yan hatsi, wanda kowa ya san yana neman kujerar da Waliyyu ke nema, ya tambaya da murya mai taushi yadda aka yi mai riƙe tsumma bai san abin da ake shafawa da tsumman ba.

A nan Salima ta ja kujerarta ta matso tsakiyar falo ba tare da an kira ta ba. Ta yi bismillah a fili ta buɗe gwangwani, ta warware tsohon ɗankwalin da ta naɗe su, ta jera nata a kan darduma. 'Yar mai albasa da tallan a kai, Bafillace da sandarsa a wuya, ɗan mahauci yana korar ƙuda. Baƙuwar ta durƙusa a ƙasa, ta mayar da safarta. Manyan mutane suka miƙo wuya, wani yana rantsuwa ya san mai wannan fuskar, a Kashin Zama yake da gida. Kowa ya juya wa farantin Waliyyu baya.

Daɗi ya kama Salima, ba za a ɓoye ba, daɗi irin na mai ƙaiƙayi da ya samu bango. Da baƙuwar ta lura babu cikakken gida ko ɗaya ta tambayi dalili, Salima ta gyara zama ta ba da labarin rabon gado tun daga durƙusonta har hura wuta da mala'iku. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta kuma rage komai ba. Ta faɗi zancen kakin zuma da rana. Tana yi tana kallon yayanta, gumi yana bin wuyan shaddarsa. Liman ya ce a yi haƙuri, zumunci ya fi kwali, amma shi ma bai dubi wajen mai gida ba da yake faɗa.

Baƙuwar ta ɗauki hoton na Salima ɗaya-ɗaya, ta rubuta sunanta. Ta ce za su shiga littafi, amma wasan kansa ba zai nunu ba, tunda babu gidan da za a cika. Aka ci abinci sama-sama. Kafin la'asar kowa ya tuna yana da kaya a kasuwa.

Ta tsaya naɗe kartarta a hankali, falon ya rage daga ita sai shi da kulolin da ba a buɗe ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ba ta san kansa ya yi furfura haka ba. Ta jira ya fashe da faɗa, ta ma tanadi amsa, sai ta ji ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kin sani, ko? Tun can shago."

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon farantin, sannan ya ce bai taɓa sanin da kaki a jiki ba. In tsoho zai yi zane gona yake tura shi, wai hannunsa ya yi nauyi, ko kusa da tabarmar ba ya bari ya zauna. Bai faɗa don ta ji tausayinsa ba. Ya jawo baƙar leda daga ƙarƙashin kujera, ya karkata farantin ya zazzage kartar ciki, suna ƙara kamar an zuba cokula. Ya ƙulle bakin ledar ya tura mata da ƙafa a kan darduma.

"Kin roƙe su gaban mutane na hana ki. Ɗauki, duka naki na."

Ta so ta ce ba ta so. Hannunta ne ya riga bakinta.

A tasha ta samu motar Aliero ba ta cika ba, ta shiga baya ta zauna jikin taga. Ta kwance ledar, ta buɗe gwangwani, ta shimfiɗa ɗankwali a cinya ta fara haɗa gida-gida, abin da ta daɗe tana yi a ranta duk sanda barci ya ƙi zuwa. Ba ko ɗaya da ya ɓata, kowane gida mutanensa sun dawo. Ta ajiye ɗan mahauci da ƙudansa, ta shiga neman ubansa cikin masu ƙyalli. Ta samu guda biyu masu jan dabbare inda ya kamata a ga fuska, ɗaya mahauci ne ɗaya maƙeri. Ta sa wannan, ta cire, ta sa wancan, ta ɗaga su wajen haske. Har motar ta cika direba ya tayar, ba ta gane wanne ne uban yaron ba.